Ajin tarihin Baba Malam a Tudun Wada: kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma ina da ƙorafi

Tunda na sa hoton handawut ɗin nan a sitatus mutane suka dame ni da tambaya a inbos, wai ya ajin yake, nawa ake biya, da gaske da Hausa ake yinsa, ko kuwa irin lesin ɗin nan ne da za a karɓi kuɗinka a tsaya a gabanka ana karanto maka takarda har lokaci ya cika. To na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, ga bayani gaba ɗaya kowa ya karanta. A gajarce dai ku je, kuɗinku ba zai tafi a banza ba. Amma akwai inda aka ɓata min rai, kuma zan faɗa, don ba talla aka biya ni in yi ba.

Ga waɗanda ba su da labari, wani dattijo ne ɗan fansho, tsohon malamin tarihi, ba zan kama sunansa ba tunda ban nemi izininsa ba, mu dai Baba Malam muke ce masa. Yana aron aji ɗaya a wata firamare mai zaman kanta a cikin Tudun Wadan Zariya, Asabar da Lahadi, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba. Zango ɗaya wata guda ne, naira 5,000, kuɗin fotokofin handawut kuma daban. Ana karɓar tiransifa, jikansa ne ke riƙe da lissafi da guruf ɗin WhatsApp. Masu zuwa yawanci ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ne, 'yan Kongo masu karatun lauya, sai 'yan Samaru na tarihi da kimiyyar siyasa, sai irinmu malaman sakandare masu koyar da darasin gwamnati, da wasu dattawa biyu 'yan majalisar bakin titi waɗanda rediyo ba ta barin kunnensu, su ne ma suka fi kowa tambaya.

Abin da ya raba shi da laccar da muka saba shi ne ba ya farawa da ma'anar kaza, rabe-raben kaza, amfani biyar illa biyar. Mutum ɗaya yake ɗauka ya bi rayuwarsa daga haihuwa har kabari, duk inda mutumin ya ci karo da wata doka ko wata al'adar majalisa sai a tsaya a warware ta tukuna a ci gaba. Wannan zangon Sa Francis Burdett aka yi, wani attajirin mai gonaki ɗan Ingila, an haife shi a 1770 ya rasu a 1844, ya yi sama da shekara 45 a majalisar wakilan Birtaniya. Sannan Baba Malam yana raba allo biyu, hagu Ingila, dama ƙasar Hausa. Idan ya rubuta 1804 a hagu, shekarar da aka soke zaɓen Burdett, sai ya rubuta hijirar Shehu zuwa Gudu da yaƙin Tafkin Kwatto a dama. Idan ya zo 1826 sai ya ce to a wannan shekarar Baturen nan matafiyi Clapperton ya ratsa nan Zariya. Wannan dabarar kaɗai ta isa kuɗin, don shekarun suna zama a kai ba tare da hadda ba, har na sace ta ina yi wa yarana a aji.

Makon farko kan sarautar mutumin aka yi, wato baronet. Sarki James na ɗaya ne ya ƙirƙiro ta a 1611, kuma dalilin ba wani abin a zo a gani ba ne, kuɗi yake nema. Duk mai gonakin da ke kawo masa fam 1,000 a shekara, in ya biya fam 1,095, wato kuɗin riƙe soja 30 na shekara 3 a Ulster can arewacin Ailan, sai a ba shi sarautar, a riƙa kiransa Sa, kuma 'ya'ya su gada. Gidan su Burdett sun samu tasu a 1619, shi Francis shi ne na biyar, daga kakansa ya gada a 1797 saboda mahaifinsa ya riga kakan rasuwa. A nan ɗaya daga cikin dattawan nan ya ɗaga hannu ya ce Malam wato irin na Sardauna ke nan? Baba Malam ya ce a'a Alhaji, na Sardauna da na Tafawa Ɓalewa lambar girma ce da ke tafiya da mai ita, wannan kuwa gado ce, babban ɗa namiji ke ɗauka kai tsaye ko waliyyi ne ko mashayi, babu masu zaɓen sarki, babu zancen yau Mallawa gobe Barebari ko Katsinawa ko Sulluɓawa kamar yadda muka sani a Zazzau. Kuma abu mafi muhimmanci, baronet bai kai matsayin masu zama a majalisar iyayen ƙasa, wato majalisar sama ta masu manyan sarautu, ba, saboda haka yana da damar tsayawa takara ya shiga ta wakilai. Shi ya sa majalisar wakilan wancan zamanin ta cika maƙil da irinsu, masu katafaren gida a ƙauye da ɗaruruwan manoma 'yan haya a ƙarƙashinsu. Shi namu mutumin gidaje biyu gare shi manya, Foremark a Derbyshire, da Ramsbury a Wiltshire wanda ya zo masa ta dangin uwa. Ga shi kuma a 1793 ya auri Sophia, 'yar Thomas Coutts mai banki, bankin da har yau yana nan. Kuɗi kan kuɗi dai.

Yadda ya shiga majalisa shi ne inda ajin ya fara kaurewa da hayaniya. Saye ya yi. Ba wai sayen ƙuri'a a ɓoye ba, a'a, kujerar kanta aka saya, fam 4,000, ta wani ƙaramin gari Boroughbridge a Yorkshire, daga hannun masu kula da dukiyar gidan Newcastle, a 1796. Kuma ba laifi ba ne a idon mutanen lokacin. Baba Malam ya ɗauki lokaci sosai a nan kuma ya kyauta, ya nuna mana yadda wasu mazaɓun suka koma kufai, irin Old Sarum da babu ko gidan kirki a wurin amma yana tura wakilai biyu, alhali Mancesta da Birmingham da Leeds da suka cika da masana'antu ba su da wakilin kansu ko ɗaya. Zaɓen ma a fili ake yi, ka hau dandamali ka faɗi sunan wanda kake so da bakinka a rubuta, wakilin mai gonar da kake haya yana tsaye yana kallonka, wato ƙato bayan ƙato amma da rajista, kuma ana iya kwana 15 ana yi, ana ta ɗirka wa masu zaɓe giya da nama a aljihun ɗan takara. Ƙuri'ar sirri sai 1872 ta zo. Albashin ɗan majalisa sai 1911. Ka ga ke nan in ba kana da gonaki ko uban gida ba, me zai kai ka.

To abin mamakin mutumin shi ne da ya shiga ta wannan ƙofar sai ya juya yana zagin ƙofar. Yana saurayi ya zauna a Faris a farkon juyin juya halin Faransa, ya dawo da zafin kai, ya yi ta adawa da yaƙin da gwamnatin William Pitt ke yi da Faransa da kuma jingine dokar da ta hana a tsare mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Abin da ya fito da sunansa shi ne gidan yarin Coldbath Fields a Landan, inda ake zuba fursunonin siyasa cikin sanyi da yunwa, ya riƙa zuwa da ƙafarsa yana ganinsu yana tona asirin shugaban gidan yarin a majalisa, har gwamnati ta hana shi shiga gidajen yari. A 1802 ya bar kujerar da ya saya ya tafi Middlesex ya ƙalubalanci William Mainwaring, wanda ke kare gidan yarin, ya kuma kayar da shi. Daga nan aka shiga abin da duk ɗan Najeriya zai gane ba sai an fassara masa ba. Aka kai ƙara, kuma lokacin ba kotu ke sauraron ƙarar zaɓe ba, kwamitin 'yan majalisa ne. A 1804 aka soke zaɓen, don an gano cikin ƙuri'unsa akwai na wasu da aka sayar wa 'yan ƙananan hannun jari a wani injin niƙa a Isleworth don kawai a ce sun mallaki kadara su samu damar zaɓe. Aka sake zaɓe, aka ce ɗan Mainwaring ya ci da tazara 'yar ƙil, a 1805 aka ƙwace aka ba Burdett, a 1806 aka sake ƙwacewa aka mayar wa wancan. Ana kiyasin rigimar ta ci masa kusan fam 100,000. Baba Malam ya ɗan yi sauri a kan zancen injin niƙan nan, na lura, kuma zan dawo kan wannan halin nasa.

1807 ta fi daɗin ji. Ya rantse ba zai ƙara kashe ko sisi a zaɓe ba, ga shi kuma yana kwance yana jinyar harbi a cinya, don sun yi fito-na-fito da bindiga shi da wani ɗan siyasa James Paull kan saɓanin takara, irin haukan manyan mutanen lokacin. Sai 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu na Westminista suka kafa kwamiti da kansu, cikinsu har da wani tela Francis Place, suka yi karo-karo, suka bi gida gida, suka kawo shi na ɗaya ba tare da ya fito kamfen ba, duka abin da suka kashe bai kai fam 800 ba. Wanda ya zo na biyu Cochrane ne, wani jarumin sojan ruwa. Kujerar nan Burdett ya riƙe ta shekara 30.

Amma ranar da aka yi 1810 ita ce ranar da na ce lallai dattijon nan malami ne. Ko takarda bai duba ba. Asalin rigimar wai Birtaniya ta tura sojoji tsibirin Walcheren da ke Holan a 1809 zazzaɓi ya karkashe su, majalisa ta zauna bincike, sai wani ɗan majalisa ya sa aka kori 'yan kallo da 'yan jarida daga zauren. Wani mai shirya muhawara a gari, John Gale Jones, ya manna takarda yana sukar haka, majalisa ta kira shi ta aika da shi kurkukun Newgate, ba kotu ba alƙali. Burdett ya tashi ya ce majalisa ba ta da wannan hurumin, aka kayar da ƙudurinsa, shi kuma ya kwashi jawabin ya kai jaridar William Cobbett aka buga. Majalisa ta ce raini ne, aka kwana ana muhawara, da asuba aka yanke a kai shi Hasumiyar Landan, tsohuwar ganuwar da ake tsare manyan fursunoni, kakakin majalisa Charles Abbot ya sa hannu a waranti. Mutumin ya shige gidansa da ke Piccadilly ya sa sakata ya ce warantin haramtacce ne, sai dai a fitar da shi da ƙarfi. Kwanaki gari ya rikice, jama'a sun cika titi suna jifan tagogin ministoci, aka cika Landan da sojan doki. Ranar 9 ga Afrilu aka fasa gidan aka shiga, sai aka tarar da shi zaune cikin iyalinsa yana koya wa ɗansa fassarar Magna Carta daga Latinanci, takardar nan ta 1215 da ta ce ba a ɗaure mutum mai 'yanci sai da shari'a.

Baba Malam da ya zo nan muryarsa har rawa take. Ni kuwa dariya ce ta kusa ƙwace min, don wallahi wannan shiri ne, mutum ya san ana zuwa kama shi, sai a ce daidai lokacin da aka ɓalle ƙofa ne yaro ke kan wannan shafin? Dirama ce, amma dirama ce mai kyau, kuma ta yi aiki, hoton ya zagaye ƙasar. A hanyar komawar sojojin bayan sun kai shi kuma an yi harbi an rasa rayuka, waɗannan ba wanda ya zana hotonsu.

'Yan Kongo sun fi kowa cin riba a wannan darasin, don a nan aka warware musu abu biyu. Na ɗaya, ikon majalisa na tsare mutum yana ƙarewa ne da ƙarewar zangon zamanta, shi ya sa ranar 21 ga Yuni da aka rufe majalisa dole aka sake shi. Na biyu, ya maka kakakin majalisa a kotu kan fasa masa gida da tsare shi, kuma ya sha kaye, kotuna suka ce majalisa tana da ikon hukunta wanda ya raina ta, shari'ar da har yanzu ake ambata in ana zancen gatan majalisa. Wata ɗaliba ta ce ta taɓa ganin sunan shari'ar a littafi amma ba ta san akwai ɗan adam da sakata da sojan doki a bayanta ba. Ranar da aka sake shi ɗin ma akwai labari. Magoya baya sun shirya gagarumin jerin gwano, dubban mutane sun tsaya tun safe a bakin hasumiya da tutoci, shi kuwa ya sulale ta baya ya hau kwalekwale ya haye kogin Thames ya tafi abinsa, aka ja keken dokinsa ba kowa a ciki. Ya ce gudun zubar da jini ne. Telan nan Place ya yi shekaru ba ya masa magana.

Sauran gwagwarmayar an bi ta da ɗan sauri amma ba laifi. Yaƙinsa da bulalar da ake tsula wa sojoji. Ƙudurinsa na 1818 na a ba kowane namiji baligi ƙuri'a, a yi zaɓe duk shekara kuma a asirce, wanda aka kayar 106 da babu. Kisan Peterloo na 16 ga Agusta 1819, da sojan doki suka afka wa taron kusan mutum 60,000 a Mancesta suka kashe aƙalla 15 suka raunata ɗaruruwa, ya rubuta wasiƙa mai zafi ga masu zaɓensa, aka gurfanar da shi a Leicester, aka ci shi tarar fam 2,000 da ɗaurin wata 3. Sai batun 'yan Katolika da doka ta hana su zama a majalisa, shi ya riƙa kawo ƙudurin, a 1825 ya wuce a majalisar wakilai iyayen ƙasa suka yi watsi da shi, a 1828 ya sake samun rinjaye da ƙuri'a 6 kacal, sai a 1829 gwamnatin Wellington da Peel ta ba da kai bayan Daniel O'Connell, jagoran 'yan Katolika, ya ci zaɓe a Ailan. Sannan dokar gyaran zaɓe ta 1832 wadda ta soke mazaɓu 56 gaba ɗaya, cikinsu har da Boroughbridge ɗin da ya saya tun farko.

To yanzu ga babban ƙorafina. Bayan 1832 mutumin nan ya yi shekara 12 a duniya, kuma duk a majalisa ya yi su. A cikinsu ya raba gari da tsofaffin abokansa, ya koma yana zagin O'Connell ɗin da ya taɓa taya wa faɗa, a 1837 ya ajiye kujerarsa ta Westminista ya sake tsayawa da goyon bayan 'yan ra'ayin riƙau ya ci, a babban zaɓen wannan shekarar kuma ya tattara ya koma Wiltshire ta Arewa inda gonakinsa suke, ya zama cikakken ɗan jam'iyyar Peel har ya mutu a Janairun 1844, kwanaki kaɗan bayan matarsa. Duk wannan fa Baba Malam a 'yan mintocin ƙarshe na ranar ƙarshe ya dunƙule shi, ana ta kiran salla, mutane na tattara jaka. Na ce Allah gafarta Malam, wannan juyin ai shi ya kamata a ba rana guda. Ya ce ɗana, tsufa ne, mutum in ya haura sittin jininsa sanyi yake yi, a yi masa uzuri. Na ce Malam ai kai ma ka haura sittin kuma ban ga naka ya yi sanyi ba. Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma bai amsa ba.

Ni ban yarda tsufa ba ne, kuma hujjata daga cikin karatun da shi Malam ɗin ya ba mu na ɗauko ta. Ka duba su wa Burdett ya yi ta faɗa da su tun farko: ministocin da ke raba muƙamai da fansho ga 'yan korensu, dillalan kujeru, masu cin kwangilar yaƙi, majalisar da ke ɗaure mutum ba shari'a. Ka duba kuma yaren da yake magana da shi, kullum Magna Carta, kullum a dawo da tsohon tsarin kakanni da aka lalata. Ba ka taɓa jin ya ce a taɓa gonar kowa ba, bai taɓa tunanin telan da ya kawo shi majalisa ya kamata shi ma ya zauna a kujerar ba. Mutum ne da ya ɗauka cewa ƙasa ta masu ƙasa ce, su ne iyayen talakawa, kuma aikin uba ne ya hana a zalunci 'ya'yansa, lokacin hutu kuma ya hau doki da karnuka ya tafi farautar dila, wadda ita ce babbar sha'awarsa. Da aka yi gyaran 1832 ya ga an rage dillalan kujeru, a wurinsa aiki ya ƙare, masu cewa a ci gaba kuwa yanzu cocin gwamnati da martabar masu gonaki suke hari, wato gidansa. Sai ya koma gida. Wannan bai rage masa jarumtar 1810 ba, ya shiga kurkuku sau biyu kan abin da ya yi imani da shi alhali yana iya kwanciyarsa a Foremark ya ci kuɗin haya. Amma ajin da aka gina kan a fahimci majalisar masu gonaki, a ce an tsallake daidai wurin da gonakin suka nuna ƙarfinsu, gaskiya an rage mana mudu. Baba Malam son mutumin yake yi, kuma son ya sa yana kauda kai daga injin niƙa da kuma 1837.

Wata 'yar Samaru ma ta taɓo wani gefen da na ji daɗi. Ta ce Baba, duk wannan kowa da kowa da ake faɗa, mata fa? Ya ce 'yata babu su a lissafi, matan Birtaniya sai 1918 wasu suka samu, sai 1928 aka daidaita su da maza. Sai ɗaya dattijon ya ce to mu nan Arewa ai sai 1976, kuma ga Hajiya Gambo Sawaba nan 'yar Sabon Gari da ta sha ɗauri da duka a kan haka. Aka ɗan yi muhawara mai daɗi kan bambancin ɗaurin nata da nasa, don shi a hasumiya masauki aka ba shi manyan baƙi na zuwa gaisuwa. Irin wannan ne ke sa ajin ya fi karatu a waya. Sai dai Malam ba ya son a katse shi in ya ɗauko zance, sai ka riƙe tambayarka har ya kai aya, wani lokacin kafin ya kai ka manta.

Sauran matsalolin na wuri ne da tsari. Bencin yaran firamare ne, mai tsawo irina gwiwarsa a haɓa take kwana, ku zo da ɗan abin shimfiɗa ko ku riga kowa ku kama kujerun roba da ke baya, ba su da yawa. In an ɗauke wuta fanka ta tsaya shi ke nan, babu janareto, ga ajin yana kallon yamma rana na dukan taga. Ba a farawa a kan lokaci, a ce ƙarfe huɗu da kwata sai a kai biyar saura ana jiran 'yan Samaru da go-sulo ya riƙe a Kwangila, kuma wannan lattin ne ke cinye ƙarshen kowane darasi, ina jin har da shi ya jawo abin da ya faru da 1837. Matan da ke komawa nesa kamar Palladan ko Shika suna shan wahalar abin hawa bayan magariba, wasu dole suke fita kafin a tashi. Na ba da shawara a guruf a mayar da na Lahadi safe, har yanzu ana dubawa.

Handawut ɗin kuma da Turanci yake alhali karatun da Hausa ake yi, fotokofin ya dushe, taswirar mazaɓun da ke shafi na uku baƙi ƙirin ta fito ba ka bambance Yorkshire da teku. Dattawan nan biyu ba su amfana da shi da komai ba, suna dai naɗe shi su sa a aljihu. Jikan yana ɗaukar sauti da waya yana turawa a guruf, wannan abu ne mai kyau ga wanda ya rasa rana, amma sai a yi kwanaki bai tura ba sai an yi ta roƙo, kuma wayar a kan tebur yake ajiye ta, in Malam ya juya allo muryar ta tafi, sai ƙarar babura da masu tallan awara. Ɗan makirfo na maƙalawa a riga ba wani tsada gare shi ba a PZ, da za a ƙara ɗari biyu a kan kowa a saya ba wanda zai yi gardama.

Wa ya kamata ya je? Ɗalibin lauya da ke fama da dokar tsarin mulki, malamin gwamnati ko tarihi da ke son ya daina koyar da tsarin firaministan da muka yi daga 1960 zuwa 1966 kamar daga sama ya faɗo, da duk mai son siyasa da zai iya zama awa biyu ba tare da taɓa waya ba, don Malam yana tsayawa cak in ya ga kai a sunkuye. Wanda ke neman satifiket ko amsoshin jarrabawa kada ya ɓata kuɗin motarsa, ba a ba da ko ɗaya.

Zango mai zuwa an ce wani baronet ɗin za a yi, Sa Thomas Fowell Buxton, wanda ya karɓi jagorancin yaƙi da bauta a majalisa daga hannun Wilberforce, shi ne kuma ya tsaya aka turo jiragen ruwa kogin Kwara a 1841, tafiyar da Samuel Ajayi Crowther da Schön mai nazarin Hausa suke ciki. Wannan ya fi kusa da gida, kuma na riga na biya. Na dai gaya wa jikan ya faɗa wa Baba cewa wannan karon a fara daga ƙarshen rayuwar mutumin a dawo baya, ya ce zai faɗa amma kada in sa rai.